Ga Jif Ga Mai Gyaɗa

Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare. Na daɗe ina son rubuta shi kunya tana hana ni. Yanzu wanda abin ya shafa ya ce in rubuta, da sharaɗin kada in ambaci sunansa ko wurin aikinsa.

Duk wanda ya zo mastas ya san akwai wasu kalmomin Turanci da muke naɗawa a rubutu kamar rawanin ranar salla, don dai a ce wane ya isa. Tawa ita ce juxtaposition. A bakina "jokstafozishin" take fita, har 'yan gidanmu na Angwan Lambu suka laƙaba mini Malam Joksta. Tun ina aji uku a digirin farko na tsince ta a bakin wani malami da yake burge ni, na kuwa riƙe ta gam. Ko gardamar ƙwallo ake a wurin mai shayi, sai ka ji na ce bari mu yi juxtapose ɗin Messi da Ronaldo. Ba wanda ya taɓa tambayata me nake nufi, ni ma ban taɓa tambayar kaina ba.

Ranar da asirina ya tonu ranar samina ce, a zangon farko. Aikin jarida nake karantawa, takardata kuma a kan hotunan shafin farko na jaridun Najeriya take. Shafi goma sha biyu ce, kalmar ta fito sau tara. Na gama gabatarwa ina jin kaina a sama, sai wata Dakta da ke zaune a gefe ta cire tabarau, ta juya harshe zuwa Hausa, abin da ba ta saba yi a aji ba.

"Malam, kalmar nan da ka zuba mana kamar gishirin sabuwar amarya, fassara mana ita da Hausa."

Na ce, "Kwatantawa, Ma."

"To in kwatantawa ce me ya hana ka rubuta compare?"

Na yi gyaran murya. "Ina nufin bambantawa, Ma."

"Wannan kuma contrast ce. Saura me?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta yi mini faɗa ba. Gorar ruwanta ta ɗauka, irin mai tsadar nan, ta ajiye a tsakiyar teburi. Ta miƙa hannu ta karɓi ledar fiya-wata da wani ɗan aji ya sha rabi, ta jingina ta a jikin gorar, ledar ta langaɓe kamar marar lafiya. Aji ya fashe da dariya.

Ta ce, "Na ce wani abu?"

Muka ce a'a.

"To me ya ba ku dariya?"

Nan darasin ya ƙare. Ta ce in je in rage tara ɗin nan su koma biyu, in kuma tabbatar biyun sun san abin da suke yi a wurin.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Ga abin da na gane, a taƙaice. Mai kwatantawa da baki yake aiki, shi zai ce maka wannan ya fi wancan tsawo, wancan ya fi wannan araha. Mai juxtaposition da hannu yake aiki: ya ɗauko abu biyu, ya ajiye su dab da juna, ya ja bakinsa ya yi shiru, kai mai kallo ka ƙarasa maganar a zuciyarka. Asalin kalmar ma abin da ya nuna ke nan. Juxta kalmar Latin ce mai nufin kusa da, ko a gefen, sai aka liƙa mata position, wato ajiyewa ko matsayi. Daga Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 17, shi kuwa fi'ilin juxtapose sai a ƙarni na 19 ya biyo baya. Babu "bambanci" a cikin jijiyar kalmar ko kaɗan, ajiyewa kusa kawai take nufi. Bambancin yana fitowa ne saboda idon ɗan Adam ba ya iya ganin abu biyu a jere ya ƙyale su.

Sai na shiga neman ta a Hausa, har da ƙamus. Jerawa ta yi kusa, amma ana jera kwanoni ashirin a ɗakin amarya ba wanda ya ce komai game da wani. Gwamawa tana da ƙamshin cakuɗa, alhali a nan kowanne yana nan da kamanninsa. Kusantawa ta yi sanyi. Na haƙura, na ce wata ƙila ba mu da ita.

Bayan kwana uku Inna ta kira ni daga gida. Muna cikin hira ta kawo labarin wani ɗan uwanmu da yake zaune katanga ɗaya da yayansa mai kuɗi, amma 'ya'yansa suna tashi ba karin kumallo. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kai dai bari, ga ƙoshi ga kwanan yunwa." Na yi shiru har ta ce ko layi ya yanke. Abin da na kwana uku ina nema a ƙamus, tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta jefo mini shi a waya.

Ku duba ginin maganar. Babu "amma" a ciki, babu "saboda", babu "duk da cewa". Ga wannan, ga wannan, shi ke nan. Bahaushe bai damu da raɗa wa abin suna ba, gina shi ya yi a cikin jimla. Ga fili ga mai doki. Ga wuri ga waina. Gaba kura baya sayaki. Ga mari ga tsinka jaka. Wannan ta ƙarshen ta koya mini wani abu da da yawanmu muke kuskurewa: ba dole sai abubuwan biyu sun zama kishiyoyi ba. Mari da tsinka jaka duk masifa ne, jera su da aka yi shi ya sa ka ji nauyin ya ninku. Waɗanda suka yi balaga a Islamiyya ko a sashen Larabci sun san ɗibaƙi da muƙabala, inda ake kawo kalma da kishiyarta, ko jerin kalmomi da jerin kishiyoyinsu. Wannan ɗaki ɗaya ne a cikin gidan. Haka abin da 'yan sashen Hausa suke kira baubawan burmi, maganar da take kamar tana karo da kanta, maƙwabci ne na kusa, amma shi a cikin magana kaɗai yake zaune. Juxtaposition tana iya zama a hoto, a gini, a kan teburin Dakta.

Maƙwabcina ɗan lissafi ne, da na ba shi labari sai ya yi dariya ya ce ai su kullum da ita suke cin abinci. Ya ɗauki biro ya rubuta mini 3x, ya ce nan kusantar tana nufin sau. Ya rubuta 3½, ya ce nan tarawa take nufi. Ya rubuta 35, ya ce nan kuma goma uku da biyar. Ajiyewa iri ɗaya, ma'ana uku, kuma ba alama ko ɗaya a tsakani, mai karatu ne yake kawo ma'anar daga abin da aka koya masa. Ya ce rigimar nan da ake yi a Facebook duk shekara a kan 6÷2(1+2), wasu su ce 9 wasu su ce 1, tushenta ke nan: mutane ba su yarda da junansu ba a kan ƙarfin liƙewar 2 ɗin nan da baka.

A fanninmu kuwa akwai labarin da duk ɗalibin fim ya sani. Wajajen 1920 wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa, Ivan Mosjoukine, fuskar ba fara'a ba ɓacin rai. Ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawar yarinya a akwati, ya sake haɗa ta da wata mace a kishingiɗe. Yadda ake ba da labarin, masu kallo sun yi ta yaba gwanintar ɗan wasan: a nan yunwa yake ji, a can baƙin ciki, a can kuma sha'awa. Fuskar kuwa ɗaya ce, ba ta motsa ba. Na karanta wannan na ji daɗi ƙwarai. Da na san inda zai kai ni da ban yi saurin jin daɗin ba.

Daga nan idona ya buɗe, ko in ce ya lalace, don ko'ina na duba ita nake gani. Keffi kuwa gari ne da ba ya ɓoye irin wannan. Tsakaninmu da Abuja bai wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba. Ka taso daga Asokoro inda bishiyoyi suke a jere kamar sojoji, cikin 'yan mintuna ka faɗa cunkoson Nyanya da Mararaba, inda dubban masu yi wa Abuja aiki suke kwana saboda Abuja ba ta da wurin kwanansu. Ka wuce Masaka, ka iso garin da Abdu Zanga ya kafa wajajen 1800, yana ƙarƙashin Zazzau, yanzu ga jami'ar jiha da aka kafa a 2001 a kan hanyar Akwanga ta cika shi da ɗalibai daga kowane lungu na ƙasar nan. A layi ɗaya za ka ji ana kiran salla, ka ji ganga daga coci, ka ji janareton mai cajin waya ya danne su duka.

Har tarihin garin haka yake. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, jami'in Turawa, ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu. Wannan karɓar tana cikin hujjojin da Lugard ya kafa na kai wa Kano yaƙi, aka ci birnin a watan Fabrairu na 1903. Yau dutsen da ke cikin Keffi sunan Baturen yake amsawa, sunan Yamusa kuma yana nan a gidan sarauta, Mai Martaba na yanzu Shehu Chindo Yamusa na Uku ne. Ka karanta rahoton Turawa ka ga mai kisan kai da ya gudu, ka zauna da dattawa ka ji labarin namijin da ya ƙi sunkuyawa. Wata Lahadi na je gindin dutsen ina ta wannan tunani, ina jin kaina wani babban masani. Kwana nawa ne da fiya-wata ta kunyata ni? Ɗan Adam ke nan.

To, yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun.

Kun san yadda Asabar take a nan. Da yawan 'yan ajinmu ma'aikata ne daga Abuja, ranar sai ka ga motoci sun yi layi kamar ana ɗaurin auren 'yar gwamna, mu kuma 'yan acaba da Keke Napep muna ratsawa ta tsakaninsu. Wata Asabar da azahar na fito neman abinci, sai na ga wata baƙar jif a bakin titi, sabuwa dal, gilashi mai duhu. A jikin tayar baya wata yarinya ce zaune, ba za ta wuce shekara takwas ba, ta ajiye farantin gyaɗarta a cinya, barci ya ɗauke ta a inuwar motar, silifas ɗinta ɗaya ya tsinke an ɗaure da leda.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne hoton nan da Tuca Vieira ya ɗauka a birnin Sao Paulo na Brazil a 2004: gefe ɗaya unguwar talakawa ta Paraisopolis, rufin kwano a cunkushe, gefe ɗaya dogon bene na unguwar Morumbi, kowane hawa da wurin ninƙayarsa, katanga ɗaya ce tsakani. Mun tattauna shi a aji satin da ya wuce. Na ce yau ga nawa Allah ya kawo. Na durƙusa, na gyara waya, na matsa gaba, na matsa gefe, har na samu yadda nake so: tambarin motar yana ƙyalli a sama, tsinkakken silifas a ƙasa. Da dare na ɗora a shafin nan. Kalma ɗaya na rubuta a ƙasansa, kun san ta. Wasunku sun gani, wasunku ma sun tura gaba.

Kafin wayewar gari an yi sharin ɗinsa fiye da sau ɗari huɗu, ni da in na yi rubutu mutum goma sha biyar suke dannawa, biyar daga ciki 'yan gidanmu. Kwamen kuwa ba a magana. Ɓarayin gwamnati. Allah ya isa. Da kuɗinmu suka saya. Wani ya zuƙo lambar motar ya sake ɗorawa, don ban rufe ta ba, ko tunanin hakan ban yi ba. Ni kuwa ina kwance ina lissafin masu yabo, har da wanda ya ce in bar karatu in kama ɗaukar hoto.

Ranar Talata aka tura hoton a zauren WhatsApp na ajinmu, wata ta rubuta, "Wannan ba motar da Yaya ya zo da ita ba ce?"

Yaya shi ne babbanmu a aji, ya haura arba'in da biyar, shi ya sa kowa yake kiransa haka. Mutum ne marar hayaniya, a layin baya yake zama, rubutunsa ƙanana kamar tururuwa. Mun ɗauka wani babba ne a wata ma'aikata, shi kuma bai taɓa cewa e ko a'a ba. Ashe direba ne. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa wani mai hali a Abuja, a haka ya yi digirinsa na farko a karatun wucin gadi, a haka ya tara kuɗin mastas, maigidan bai san yana karatu ba. Ran nan an aike shi Lafiya da saƙo, a hanyar dawowa ya ce bari ya tsaya ya kama lakca ɗaya, awa biyu. Hoton ya zaga ya zaga har ya faɗa wayar ɗan maigidan. Aka karɓe makulli, aka ce ya je gida sai an neme shi, albashin watan kuma aka riƙe.

Sati biyu bai zo aji ba. Na goge hoton tun daren Talatar, amma kun san sikirinshot ba ya mutuwa. Na rubuta ban-haƙuri, mutum talatin da ɗaya suka gani. Na kira shi sau huɗu bai ɗauka ba, a na biyar ya ɗauka ya ce in same shi Asabar bayan la'asar a wurin mai shayi.

Na je da jawabina a shirye. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, don Allah ka yi haƙuri. Wallahi ban san taka ba ce. Kuma ka duba, ni ban rubuta komai a kan kowa ba."

Ya juya cokali a kofi ya daɗe, sannan ya ce, "Ƙanina, ai da ka rubuta da ya fi mini sauƙi. Da ka rubuta cewa mai motar nan ɓarawo ne, da na ce kawo hujja. Yanzu wa zan kama? Kai ka ce ba ka ce ba. Su kuma sun ce abin da suka gani suka faɗa."

Na rasa ta cewa. Ya ci gaba, ba da faɗa ba, wallahi da ya yi faɗan da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Hotonka bai yi ƙarya a kan motar ba. Kuɗinta ya fi albashina na shekara ashirin. Bai yi ƙarya a kan yarinyar ba, ni na ce ta zauna a inuwar, don rana ta yi zafi. Mai motar yana Abuja ko a jikinsa, zagin bai kai kunnensa ba sai ta kaina. Da ka ja baya taku uku da ka ga uwarta tana gasa masara. Da ka jira minti goma da ka gan ni."

Taku ukun nan su suka fi damuna, don na ga uwar. Na gan ta sarai, ƙarƙashin lema, da kaskon gawayinta. Ita ce dalilin da ya sa na yi ta matsawa gefe, tana ɓata mini hoto. Yarinya ita kaɗai a gindin jif ta fi yarinya kusa da uwarta ban tausayi, ni kuma ban tausayin nake nema. Wato abubuwan biyu ba haka kawai na same su ba, ni na zaɓe su, na yanke na ukun na jefar. Kuleshov aƙalla ya san gwaji yake yi.

Abin haushi, mun karanta wannan a darasin dokokin aikin jarida, na ma amsa tambaya a kai a jarrabawa. A 1894 wani mutum mai suna Alfred Monson ya kai gidan mutum-mutumin Madame Tussauds na Landan ƙara. An tuhume shi da kisan kai a Scotland, kotu ta ce ba a tabbatar da laifin ba. Gidan ya ƙera mutum-mutuminsa riƙe da bindiga, ya ajiye shi dab da ɗakin da ake nuna shahararrun masu kisa. Ba su rubuta cewa shi ya yi ba, wurin da suka ajiye shi ne ya yi magana. Shari'ar ta zama abin koyarwa cewa ana iya ɓata sunan mutum ba tare da an furta kalma ba, ko da yake diyyar da aka ba shi a ƙarshe kwatankwacin anini ce. Na haddace sunan shari'ar da shekararta, na ci maki, na fito na yi abin da Tussauds suka yi da wayar dubu tamanin.

Tun daga nan nake kallon abubuwan da muke turawa da wani ido. Hoton titi "kafin" da "bayan" da yaran 'yan siyasa suke yaɗawa, na farko an ɗauka da damina ana tsakiyar ruwa, na biyu da rani bayan an share. Hoton wani malami yana dariya an liƙa shi kusa da labarin rasuwa, alhali dariyar ta bara ce a wurin walima. Jaridar da za ta sa babban kanu a kan satar kuɗi, a gefensa hoton wani mutum da labarinsa daban yake a shafi na bakwai. In ka yi magana a ce maka ai ba mu ce ba. Ban ce a daina ba, don hoton Sao Paulo ɗin nan gaskiya ya faɗa, katangar tana nan, unguwannin biyu suna nan, ko ka ja baya taku dubu abin da za ka gani ke nan. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ɗin Inna ma gaskiya ce, ta san gidajen biyu ciki da waje shekara talatin. Ni minti biyu na yi a gaban motar.

Ga masu rubuta babi na biyu da suke son kalmar, abin da Dakta ta nuna mini daga baya a ofis shi ne: in kai ne kake auna abu biyu kana bayanin inda suka yi kama da inda suka rabu, compare ko contrast kake yi, rubuta hakan ka huta. Juxtaposition ka ajiye ta sai inda wani, marubuci ko edita ko mai ɗaukar hoto, ya sa abu biyu kusa da juna, kana son ka nuna abin da kusantar ta haifar. Kuma in ka rubuta ta, jimlar da ke biye dole ta faɗi me ta haifar ɗin, in ba haka ba ado kawai ka yi. A takardata yanzu sau biyu ta fito. Na kuma ƙara wani sashe da babu shi a da, a kan abin da editoci suke yankewa daga gefen hoto kafin su buga, sufabaizana ya ce shi ne sashen da ya fi kyau, bai san inda na samo shi ba.

Yaya an mayar da shi aiki bayan sati uku, amma an ɗauke shi daga jif an mayar da shi kan ƙaramar motar kai yara makaranta, albashin da aka riƙe kuma har yau shiru. Maigidan ya ce karatun ba ruwansa, muddin ba da motarsa ba. Yanzu a bas yake zuwa daga Mararaba, wani lokacin ya iso an yi rabin lakca. Ni nake kwafa masa abin da ya wuce. Na yi ƙoƙarin haɗa masa wani abu daga kuɗin da nake samu a koyarwar lesin, ya ƙi karɓa, ya ce in riƙe in biya kuɗin zango. Ya ce ya yafe. Har yanzu in ya shigo aji ni nake fara sunkuyar da kai.

Shi ne ma ya ce mini, "Ni ka ba ni haƙuri. Uwar yarinyar fa? 'Yar mutane ka watsa wa duniya tana barci."

Na je Asabar ɗin da ta biyo. Tana wurinta, ƙarƙashin lemar. Na gaishe ta, na sayi masara biyu don in samu bakin magana, sannan na yi mata bayani ina in-ina. Ba ta san da zancen ba sam, ba ta da babbar waya. Ta goge hannu a zani ta ce in nuna mata. Ina da shi a wayata, na miƙa. Ta daɗe tana kallo, ta kira yarinyar ta nuna mata, yarinyar ta rufe fuska tana dariya. Sai ta ɗago ta ce, "To ɗan nan, ni ina nake? Ai nan nake zaune."

Na ce, "Baba, ni na yanke ki."

Ta ce, "Don me? Ban yi kyau ba ne?"

Mai sayar da rake na gefenta ya kwashe da dariya. Ta ce tunda na iya ɗauka, in sake wani da ita a ciki, in kuma wanko mata a takarda, ba ta son na cikin waya. Ta gyara ɗankwali, ta jawo yarinyar jikinta, ta sa aka matsar da kaskon gaba don ya fito. Na ja baya har sai da lemar ta shiga gaba ɗaya. Yarinyar ta ƙi yin murmushi, ta ƙame kamar mai hoton fasfo. A bayansu, inda jif ɗin ta tsaya ran nan, wani mai Keke Napep ne ya faka yana cin rake, na ce ya ɗan matsa, ya ce ba inda za shi. Haka ya fito a hoton, da raken a baki. Na wanko guda biyu a wani shago kusa da shataletale, na kai mata ranar Litinin, ta ce in ƙara ɗaya za ta aika wa mijinta a Doma.